Kawu Tafinta da Jirgin Baba Direba

Auta ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta sunkuyo ta ƙofar shagon, mayafinta ya zame har kafaɗa, ta ce Baba ya daina cin abinci, ya juya fuska bango, kuma tun jiya ba abin da yake faɗa sai a kai shi inda ake ajiye waɗanda hankalinsu ya gushe.

Kawu Tafinta yana zaune da faifan kwamfuta a hannu, yana goge shi da tattausan tsumma daga tsakiya zuwa baki, aikin da yake buɗe kowace safiya da shi. Ya ajiye faifan a kan cinya, ya tambaye ta me likita ya ce.

"Ba maganar likita ba ce, Kawu. Jirgin nan ne da ka haɗa masa."

Bai ƙara tambaya ba. Ya zura takalmi, ya rataya jakar aiki, ya ce wa mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya sa masa ido a shago. Mai aski ya ce ya tafi hankali kwance, ɓarawon da zai saci faifan da ya girme shi ba a haife shi ba tukuna. Yau Kawu bai rama ba. Ya bi bayan Auta.

Wanda bai san Kawu ba zai yi ta wuce shagonsa bai lura ba. A ƙarƙashin matakalar benen masu sayar da waya yake, ɗan lungu ne da mutum biyu ba sa zama a ciki sai gwiwoyinsu sun gaisa. Kullum shi ne farkon buɗewa. Ya yi shara, ya kunna fanka, ya bi kwamfutocin da ke jiransa da burushi, sannan ya zauna da faifai. Sana'arsa ɗaya ce, kuma ita ce wadda sauran masu gyara ke yi wa dariya: tayar da tsofaffin wasannin kwamfuta a kan sababbin na'urori.

Wasan da aka yi tun zamanin kwamfutoci masu ƙatuwar ƙeya, in ka sa shi a ta yanzu, taurin kai yake yi maka. Wani ya ba ka baƙin allo, sauti na tashi hoto babu. Wani ya fito da mutane ba fuska. Wani ya ruga a guje kamar an biyo shi. Dalili, in ji Kawu, tsohon wasa da sabon katin hoto, wato abin da ke fitar da hoto a allon kwamfuta, ba sa jin yaren juna. To akwai wata 'yar manhaja da ake ajiyewa a tsakaninsu: wasa ya yi magana, ita ta juya maganar yadda katin zai gane. Kawu ya sa mata suna tafinta, ya yi ta faɗa, har sunan ya manne masa shi ma. Sai dai tafintar nan ba a saka ta a kama gaba. Saiti gare ta birjik, kowane wasa da irin wanda yake so, gano shi kuwa sai mai haƙuri. Dokar Kawu duk wanda ya taɓa zama a lungun nan ya haddace ta: ka kwafi komai ka ajiye gefe, ka taɓa abu ɗaya tak, ka kunna, ka duba da idonka. In bai yi ba, mayar da shi yadda ka same shi kafin ka taɓa na gaba.

Da wannan dokar ya dawo wa mai aski da wasan ƙwallon da yake bugawa tun yana saurayi, bayan kowa ya ce ya haƙura ya koma na zamani. Da ita ya wuni a kan wasan gina gari na wata malamar makaranta, wanda mijinta ya rasu ya bari, har gidajen da marigayin ya jera suka fito da rufinsu da tagoginsu, matar ta tsaya tana nuna wa mutanen matakala titin da ya sa wa sunanta. Tela na ƙarshen layi kuwa har yau yana ba da labarin ranar da Kawu ya tare shi zai zubar da kwali guda na faifai, ya ce masa lafiyarsu ƙalau, mai jin yarensu ne kawai suka rasa. Ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya ga na'ura ko ga mai ita.

Amma a safiyar nan, a bayan tasi, ko ɗaya daga cikin waɗannan bai faɗo masa a rai ba. Auta na magana, shi yana kallon hannuwansa.

Mahaifinta, wanda kowa ke kira Baba Direba, jirgin ƙasa ya tuƙa tun kafin a haife ta har ya yi ritaya. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma duk baƙon da ya zauna a falonsa sai ya ji shi: bai taɓa keta jar wuta ba. Bayan rasuwar matarsa, wani tsohon wasan tuƙin jirgi ne ya riƙe shi. Kullum in ya karya sai ya sa hular aikinsa, ya zauna gaban kwamfuta, ya kwashi fasinjojinsa daga tasha zuwa tasha. Da tsohuwar kwamfutar ta mutu, Auta ta sayo sabuwa, wasan ya ƙi tashi, aka kawo wa Kawu. Ya haɗa tafinta, ya gwada, ya ce ya yi.

Tun daga nan, in ji Auta, abu ya lalace. Akwai wata sigina, wutar ba jirgi hannu, kafin babbar gada. Duk sanda Baba ya iso ta, sai ya rage gudu ya wuce, yadda ake yi wa wuta mai ruwan ɗorawa, sai wasan ya tsaya cak, ya rubuta masa a allo cewa ya keta ja. Ya sake, haka. Ya goge tabarau, ya matso da kujera, haka dai. Jiya ya cire hular ya miƙa mata, ya ce ta ba mai kwasar shara. Ita ba ta taɓa tsayawa ta kalli wutar ba, rubutun kawai take tararwa in ya kira ta. Ta buga wa yayanta waya, shi kuma ya yanke hukunci: gobe zai zo ya kwashe kwamfutar, ya ɗauke Baba ya mayar da shi gidansa, a sa masa mai kula da shi, tunda kan ya fara taɓuwa.

"In aka raba shi da ɗakin nan, Kawu, ba zai daɗe ba," ta ce, tana kallon taga.

Ɗakin Baba tsaf yake. Gado, tebur, hoton wani ƙaton inji a bango, tsohuwar fitilar hannu a saman kabad. Tsohon na kwance, bayansa kawai ake gani. Kawu ya gaishe shi, ya amsa da "lafiya" guda, bai juyo ba. Kwanon abinci na kan kujera a rufe.

Kawu ya zauna gaban kwamfutar, ya kwafi komai ya ajiye gefe, ya fara. Abin da ya fara zargi gudu ne, don sabuwar na'ura kan sa tsohon wasa sauri har birki ya kasa kamawa a kan lokaci. Ya ƙayyade gudun, ya kunna, ya tuƙa zuwa gadar, ya lallaɓa ya wuce. Wasan ya tsaya, rubutun ya fito. Ya mayar da saitin inda yake. Ya cire tafintar ya sa wata da ta girme ta. Layin dogo ya ɓace, jirgi ya koma tafiya a kan iska. Ya mayar. Ya taɓa saitin inuwa, ko ita ke faɗawa a kan wutar. Bishiyoyi suka yi ƙyalli, rubutun bai fasa fitowa ba. Ya rage girman hoto, ya ƙara. Ga fanka na juyawa, amma zufa ta jiƙe masa wuyan riga.

Sai ya yi abin da ya kamata ya fara yi. Ya kawo jirgin gaban siginar, ya danna birki, ya tsaya. Ba rubutu. Jim kaɗan sai ga jirgin kaya ya fito daga kan gadar ya wuce. Wato wasan bai yi ƙarya ba. A duk hanyar, nan ne kaɗai ake tsayar da direba don wani ya wuce, kuma wutar ja ce. To me ya sa Baba ke ganin ɗorawa?

Saiti ɗaya ya rage bai taɓa ba, kuma tun a cikin tasi ya san shi yake wa kewaye. Haske. Ranar da ya haɗa wasan nan ya ga hoton ya yi duhu, sai ya ja ma'aunin hasken tafintar ya kai shi kusan ƙarshe, har yana jin daɗin yadda komai ya fito.

Ya daɗe da sanin idonsa ba daidai yake ba. Fitilun titi sun fara yi masa dishi-dishi. Rubutun jikin faifai sai ya kai shi bakin ƙofa yake karantawa. Duniya ta koma masa kamar ana kallonta ta gilashin da aka shafa wa mai. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Mai gyaran hoto da ba ya gani, wa zai ƙara kawo masa aiki? Sai ya riƙa matso da kujera, yana ce wa kansa gajiya ce.

Ya sake dawo da jirgin gaban siginar, ya dakatar da wasan a nan. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allo. Abin da ya gani ɗan tabo ne mai ƙyalli, wanda ba zai iya rantsewa a kan launinsa ba. Tun da yake sana'ar nan bai taɓa yi wa mai kaya irin wannan tambayar ba.

"Auta, zo. Wutar can, wane launi gare ta?"

Ta zaci gwada ta yake. Ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce ruwan ɗorawa mana, har da ɗan fari a tsakiya.

Ya ja ma'aunin ya mayar da shi inda masu wasan suka bar shi tun asali. Allon ya dushe masa kamar an saki labule. "Yanzu fa?"

Ta ƙara matsowa.

"Ja ce, Kawu. Ja wur."

Hasken da ya ƙara ne ya wanke jan. Idon Baba lafiya lau, kansa lafiya lau. Abin da aka nuna masa shi ya gani.

Auta ta dafe ƙirji tana hamdala. Ta ce ashe tafintar ce ta yi musu wannan aika-aika, ta shiga yi wa manhajar da waɗanda suka ƙirƙiro ta Allah wadai. Ga mafita ta zo wa Kawu har inda yake zaune, kuma ba wanda zai taɓa sani. A nan dole a faɗi abu yadda ya faru: Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce haka ne, tafinta takan yi haka wani lokaci. Maganar ta yi masa ɗaci a baki, amma ta fita.

Auta ta durƙusa bakin gado tana yi wa mahaifinta albishir. Baba ya saurare ta har ta gama, fuskarsa na bango. Sannan ya ce Allah ya yi mata albarka, amma ta daina wahalar da kanta. Ya san yadda ake yi wa tsoho: a haɗa baki da mai gyara, a sauya launi, a ce masa ba laifinsa ba ne. Na'ura ba ta ganin dama, yau ta nuna ja gobe ta nuna ɗorawa. Da na'ura ya yi aiki duk rayuwarsa, mutum ne ke lalacewa. Ta gaya wa yayanta ya zo, a shirye yake.

Auta ta waiwayo ta dubi Kawu, ido cike da hawaye, tana neman ya ƙara wani bayani. Shi kuwa ji ya yi da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ƙaryar da ya yi don ya rufa wa kansa asiri, ita ce za ta fitar da tsohon nan daga ɗakinsa.

Ya tashi, ya zo ya tsuguna kusa da ita.

"Baba, gaskiyarka, na'ura ba ta yi komai ba. Ni ne. Idona ne ya raunana, na ɓoye. Na ga hoton da duhu don ni ne ba na gani, na yi ta ƙara haske har na kashe maka jar wutar. Kai ba ka keta komai ba. Ni na ba ka hannu ka wuce."

Can Baba ya juyo, karo na farko tun shigowarsu, ya dubi Kawu sama da ƙasa. Bai ce ya yarda ba. Ya ce wa Auta ta sauko masa da fitilar saman kabad, ta sa mata batir. Fitilar ma'aikatan dogo ce, mai gilasai da ake juyawa. Ya umarci Kawu ya je ƙarshen baranda ya tsaya ya fuskanto ɗaki. Dattijo mai furfura, mai jikoki, ya tafi ya tsaya kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Wata maƙwabciya da ke shanya ta dakata da zane a hannu tana kallo.

Baba ya kunna. "Me ka gani?"

Kawu ya ce ɗorawa.

"Fitilar nan ba ta da ɗorawa. Fara ce." Ya juya gilashi. "Wannan fa?"

Kawu ya ƙura ido har ruwa ya taru a ciki. Zuciyarsa ta ce ya canka kawai, ko a dace. Amma ya ce bai sani ba.

Baba ya kashe fitilar, ya sauko da ƙafafunsa ƙasa. Abin da ya biyo baya, Auta ta ce ba ta taɓa jin mahaifinta ya yi wa babban mutum irinsa ba. Bai zage shi ba, kuma da zagin ne da ya fi sauƙi. Ya ce a wurinsu direban da idonsa ya raunana ba mai laifi ba ne, sauke shi ake yi daga inji a nema masa magani, a ci gaba da ba shi girmansa. Amma wanda ya sani ya ɓoye, ya hau ya kwashi 'ya'yan mutane, wannan ko gaisuwarsa ba a amsawa a tasha. Ya ce shi ya sa ba a barin mutum ɗaya ya karanta sigina. Direba ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi, mataimaki ya duba ya maimaita, in bakinsu bai zo ɗaya ba a danna birki.

"Kai wa ke maimaita maka?"

Kawu ya ce babu.

"To ka ji."

Ya nemi hularsa. Auta, da ba ta ba mai shara ba, ta ciro ta daga jakarta. Ya sa, ya gyara mata zama, ya hau kujera, ya ce ta tsaya a damansa, ita ce mataimakiya yau. Kawu ya matso zai nuna masa wani abu, Baba ya ɗaga masa hannu, ya ce shi kam ba zai hau injinsa ba sai likita ya sa masa hannu. Ya koma bakin ƙofa wajen fasinja.

Daga bakin ƙofar Kawu ya bi tafiyar da kunne. Inji ya ɗauka, ƙafafu suka fara kiɗinsu a kan dogo, aka wuce tasha, aka wuce wata.

"Ja," in ji Baba.

"Ja," in ji Auta.

Birki ya yi kuka. Jirgin kaya ya zo ya wuce. Baba ya ce kore, Auta ta ce kore, jirgi ya hau gada. Bai kai tasha ta gaba ba, Baba ya tambaya, ko waiwayowa bai yi ba, wai kwanon can tun yaushe yake zaune a rufe, ko so ake yunwa ta kashe shi a bakin aiki. Auta ta fita da waya a kunne, tana dariya tana share ido, tana ce wa yayanta ya sha zamansa.

Kawu ya sulale ya fice ba sallama. A kan matakalar gidan ya zauna, ya rufe fuska da hula. Ba Baba kaɗai ya haɗa wa wasa ba tun da idon nan ya fara.

Da wani ne, da ya tsaya nan, tunda tsoho ya ci abinci. Kawu washegari bai buɗe shago ba. Ya rataya jaka ya bi masu kayansa, duk wanda ya tuna, shago-shago, gida-gida. Kowa sai ya faɗa masa da bakinsa: idona ya samu matsala, na ɓata maka hoto, na zo in gyara, amma kai za ka riƙa gaya min launi.

Da mai aski ya fara. Bai gama bayani ba mutumin ya shiga sosa ƙeya yana kallon almakashi. Ya ce ai filin ƙwallon nasa ya daɗe da komawa kamar zanen gadon da ya sha wanki, 'yan wasansa masu jar riga kuwa kamar an jiƙa su a bilic. Shi dai ya rage hasken allonsa ya ja bakinsa. Tela ya ce shi ce wa 'ya'yansa ya yi sabon yayi ne. Malamar makaranta ta sunkuyar da kai, ta ce takan runtse ido ne in rana ta fito a garin mijinta. Kowa ya gani. Kowa ya yi shiru, don kada a kunyata Kawu.

Wannan ya fi masa faɗan Baba ciwo. Shi yana zaton ɓoyewa yake, ashe duk matakala lallaɓa shi ake kamar ƙwai. Su ma da suka ji abin da ya faru da Baba Direba, kowa ya rasa inda zai sa fuskarsa. Mai aski ya ce da ya buɗe baki sau ɗaya, da tsohon nan bai kwana da yunwa ba. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa in yana kan aiki, ranar shiru ya yi aski har ya tashi.

A gida ma haka. Kawu ya zauna gefen matarsa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya kai ga maganar. Ko kai ba ta ɗago daga ɗinkin da take yi ba. Ta ce ta sani tun ranar da ya yaba mata shuɗin zanenta yana ce masa ruwan toka. Wa yake zaton yana kawar masa da bokiti da kujera daga hanya? Ta ma riga ta tambayo asibitin ido.

"Jira nake ka gama jarumtar, malam."

Likita ya duba ya ce yanar ido ce, za a yi aiki. Ko ganin zai dawo duka ko rabi, sai an buɗe bandeji. Kawu ya ce shago a rufe yake har sai an sa masa hannu.

Kawu Tafinta, mu mutanen matakala mun san ba ka so a rubuta wannan ba. Da aka matsa maka, cewa ka yi in dai za a rubuta, to a sa har da gyaɗa kan nan da ka yi, kada a tsallake. An sa.

Kai ne ka zauna shekara da shekaru a ƙarƙashin matakala, mutane na hawa da sauka a kanka, kana tayar da abin da kowa ya ce ya mutu. Kai ne ka gane cewa wanda ya rungumo tsohon faifai ya sunkuyo lungunka, ƙuruciyarsa ya kawo maka, ko mijinta, ko aikin da tsufa ya raba shi da shi, kuma ba ka taɓa yi wa ɗayansu dariya ba. Tafintan kuramen na'urori, mai taɓa abu ɗaya tak. Amma gwanayen gyara suna da yawa, kuma za a yi wasu bayanka. Abin da ba kowa ke iyawa ba shi ne tsayuwar da ka yi a ƙarshen barandar nan, maƙwabciya na kallo, ka buɗe baki ka ce ba ka sani ba. Da kunyarka ka sayo wa tsoho hankalinsa. Har yau in aka tayar da zancen sai ka sunkuyar da kai, mu kuma a nan ne muka fi ganin tsayinka.

Mun gode, Kawu. Baba Direba ma ya aiko, ya ce a gaya maka in likita ya sa hannu akwai wuri a damansa. Allah ya ba da sa'ar aiki, ya mayar maka da ganinka.

Ku kuma masu sana'a, tela ne, direba ne, mai haɗa magani ne, kowa ya samu mai maimaita masa tun ido da kunne suna nan. Mu da ke kawo aiki, in mun ga hoto ya yi fari, mu faɗa. Shirun ladabi ya kusa raba dattijo da ɗakinsa.

Ana gobe za a kwantar da shi, da la'asar, Kawu ya zo ya kimtsa shago kafin ya tafi. Ya lulluɓe kwamfutoci da tsumma, ya jera faifai a kwali, ya ja ƙofa, ya zura kwaɗo. Bai kai ga dannawa ba ƙaurin hayaƙi ya daki hancinsa.

Wata mata ce tsaye a bayansa, bai santa ba, mai aski ma bai santa ba. Ta rungumo kwamfuta naɗe a bargo, gefe ɗaya na akwatin ya narke ya lanƙwashe. Ta tambaya ko shi ne Tafinta. Ya ce shi ne, amma ya rufe, kuma gara ta sani tun yanzu, idonsa ba ya gani sosai.

Ta ce an gaya mata. Ta ce shagon mijinta ne ya kama da wuta, mijin ya fito lafiya, sannan ya koma ciki saboda wannan. Yanzu yana kwance a asibiti, hannuwa a naɗe.

"Ya ce akwai wani tsohon wasa a ciki, kai ka haɗa masa. Ya ce kada in bar kowa ya kunna ta sai kai, kuma kada in bari 'yan'uwansa su san ta fita. Wai ba wasan kaɗai ke ciki ba."

Mai aski ya yi gyaran murya, ya tuna wa Kawu gobe fa asibiti. Kawu ya tsaya da kwaɗon a hannu. Ya juya wajen matar.

"Idonki lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu."

Ya zare kwaɗon, ya tura ƙofa, ya jawo kujera ta biyu da ƙafa.

"Shigo, 'yar nan. Ni zan taɓa, ke ki faɗi abin da kika gani. Mai aski, ajiye almakashin nan, kai za ka maimaita."